Duba, Auna, Aikata: Littafin Cardijn a Ma'aunin New Bell

Hausawa sun ce yaba kyauta tukwici. Duk inda aka yi taron matasa na ikilisiya, ko ranar godiya ce ko ta rufe shekara, ba a rasa saurayi ko budurwa da za su miƙe su ba da shaida, su ce da ba domin zumuntar matasa ba, da ba su san inda za su kasance yau ba. Wannan godiya daidai ce, ta kuwa dace da mai bi. Amma akwai tambayar da ba a cika yi ba, watau godiyar me ake yi? Wani yana godiya domin ya sami abokan hira, wani domin ya koyi waƙa, wani kuma domin a can ya gamu da matar da ya aura. Duk waɗannan alheri ne. Sai dai ƙungiyar ƙwallo ma tana ba da abokai, adashi ma yana fid da mutum kunya. Me zumuntar masu bi take bayarwa wanda waɗannan ba su da shi?

Akwai littafi guda da ya ɗauki wannan tambaya da gaske. Wani fada na ƙasar Beljiyam mai suna Joseph Cardijn ne ya rubuta shi da Faransanci, aka buga shi a 1963 da sunan Laïcs en premières lignes. Fassarar Turanci ta fito a 1964 da sunan Laymen into Action. Ma'anar sunan ita ce, masu bi waɗanda ba limamai ba su ne a sahun gaba. Ko da yake marubucin ɗan Katolika ne, abin da ya faɗa ya shafi kowace ɗarika. Za a auna littafin a nan da unguwa guda, New Bell ta birnin Duwala a ƙasar Kamaru, gama wuri ne da Hausawa suka daɗe a ciki, wuri ne kuma da matashi baƙo yake bukatar zumunci kamar yadda yake bukatar abinci.

Wane ne Cardijn?

An haife shi a 1882, ɗan talakawa ne. Yana yaro yana ganin tsaransa suna wucewa da asuba zuwa masana'antu. Shi ya tafi makarantar horar da fada-fada, su suka tafi aikin ƙarfi. Sa'ad da ya komo hutu, sai ya tarar abokan nan sun juya masa baya, sun juya wa ikilisiya baya kuma, suna ganinta abokiyar masu kuɗi ce. Wannan abu bai bar zuciyarsa ba har mutuwarsa. An naɗa shi fada a 1906. A 1912 aka tura shi Laeken, a gefen birnin Brussels, inda ya fara tara 'yan mata masu ɗinki da samari lebura cikin ƙananan ƙungiyoyi. A 1925 Paparoma Pius na 11 ya sa wa aikin albarka, aka san shi da sunan ƙungiyar Matasa Ma'aikata Kirista, wadda a ƙasashen Faransanci ake ce da ita JOC.

Aikin bai zo da sauƙi ba. An ɗaure Cardijn a yaƙin duniya na farko, aka sāke ɗaure shi a na biyu. Biyu daga cikin samarin da suka kafa ƙungiyar tare da shi, Fernand Tonnet da Paul Garcet, sun mutu a sansanin Dachau na Jamus a 1945. Duk da haka a 1957 matasa wajen 32,000 daga ƙasashe da yawa suka taru a Roma. Paparoma Yohanna na 23 ya yabi hanyar koyarwarsa cikin wasiƙarsa ta 1961, Paparoma Bulus na 6 ya naɗa shi kadinal a 1965, ya rasu a 1967. Ashe littafin na tsoho ne mai shekara 80 da ɗoriya, wanda ya waiwaya yana duban aikin shekara hamsin.

Abin da littafin ya koyar ana iya tattara shi cikin magana biyu. Ta fari, rayuwar yau da kullum, watau wurin aiki da gida da unguwa, ita ce gonar da Allah ya ba mai bi ya noma, fada ko fasto kuwa ba zai iya noma masa ita ba, gama ba ya kwana a can. Ta biyu, matashi ba ya girma ta wurin jin wa'azi kaɗai. Yana girma sa'ad da ya zauna da tsaransa kaɗan suka yi abu uku: su duba abin da yake faruwa a inda suke, su auna shi da Maganar Allah, sa'an nan su aikata wani abu da hannunsu, kome ƙanƙantarsa, su komo mako mai zuwa su ba da labarin yadda ta kaya.

Unguwar baƙi

Kafin a gwada wannan koyarwa da New Bell, sai mai karatu ya san irin wurin. Jamusawa ne suka yanka unguwar. Sun so su mai da bakin kogin Wuri wurin zaman Turawa kaɗai, suka ƙwace filayen mutanen Duwala, suka ce su koma can ciki, da fili wajen kilomita guda tsakaninsu da Turawa. Sarkin gidan Bell, Rudolf Duala Manga Bell, ya ƙi, suka rataye shi ran 8 ga Agusta 1914. Wurin da aka keɓe wa mutanensa shi ne aka kira New Bell. Bayan Jamusawa sun fita, yawancin 'yan ƙasa ba su zauna a can ba, sai baƙi suka cika wurin: Bamileke da Basa da Ewondo, da mutanen Nijeriya da Dahome da Togo, da Hausawa fatake masu goro da shanu da tufafi. Har yau sassan unguwar suna ɗauke da sunayen ƙabilu, akwai na Hausawa, akwai na Bamileke, akwai na Basa. Wata masaniyar tarihi, Lynn Schler, ta rubuta littafi a kan unguwar a 2008, ta kuwa kira mutanenta baƙin New Bell.

Unguwa ce da ta sha wuya. A nan aka yi tarzomar watan Mayu 1955, wadda bayanta Faransa ta haramta jam'iyyar UPC. A watan Afrilu 1960 gobara ta cinye unguwar Kongo. A nan babban gidan yari na Duwala yake, wanda aka gina domin mutum ƙasa da 1,000, amma rahotanni sun sha nuna fiye da 3,000 a ciki, da yawansu samari masu jiran shari'a. Ruwan sama na Duwala ya wuce milimita 3,500 a shekara, in damina ta yi tsakiya kwatoci sukan cika su shiga ɗakuna, annobar kwalara ta 2004 ma ba ta tsallake unguwar ba.

Ikilisiya ma tana da tarihi a nan. Simon Mpeke, ɗaya daga cikin 'yan Kamaru takwas na farko da aka naɗa fada a 1935, ya zo New Bell a 1947, ya bi da ikilisiyar wurin, ya ƙarfafa ƙungiyoyin masu bi. A 1959 ya bar birni ya tafi arewa, ya zauna a Tokombere cikin mutanen duwatsu, suka sa masa suna Baba Simon. Ya rasu a 1975, a 2023 kuma Paparoma Francis ya amince da nagartar rayuwarsa. A cikin shekarun 1950 ne kuma JOC ta kafu a Kamaru. Saboda haka hanyar Cardijn ba baƙuwa ba ce a Duwala.

Inda littafin ya yi daidai

Na fari, ya san ciwon matashi. Cardijn ya gane cewa abin da ya fi cin yaro lebura a rai shi ne a ɗauke shi ba kome ba. Ya dage a kan cewa ba dukiyar da za a ɗora a ma'auni da matashi guda, gama ɗan Allah ne. A ɗauki saurayi Kirista mai jin Hausa da ya sauka Duwala neman aiki. A unguwar Hausawa harshensa ɗaya da na maƙwabta, amma yawancinsu Musulmi ne, ranar Lahadi shi kaɗai yake fita da Littafi Mai Tsarki. A majami'a kuwa bangaskiyarsa ɗaya da ta jama'a, amma ana sujada da Faransanci ko Duwala ko Basa, wani ma ya ga rigarsa ya zaci ya ɓata hanya ne. Baƙo ne sau biyu. Ranar da mutum shida ko takwas suka san sunansa, suka lura bai zo ba, suka bi sawunsa har ɗakin da yake haya, ranar ce ya daina zama baƙo. Wannan shi ne tushen godiyar da ake ji a bakin matasa, littafin kuwa ya bayyana dalilinta sarai.

Na biyu, ya ba matashi aiki a hannu. A wurare da yawa zumuntar matasa ta zama 'yan aiken dattawa: su share majami'a, su jera kujeru, su yi waƙa lokacin baiko, su yi shiru lokacin shawara. Cardijn ya ƙi wannan. Ya ce ƙungiya ta matasa ce, su za su bi da ita, su riƙe kuɗinta, su yanke shawararta, malamin ikilisiya kuwa ya tsaya kusa yana ƙarfafa su kamar yadda uba yake tsayawa bayan yaro mai koyon keke. Wannan ya yi daidai da gargaɗin Bulus ga Timoti a kan kada ya bari a rena ƙuruciyarsa (1 Timoti 4:12). Wanda ya riƙe littafin kuɗin ƙungiya yana da shekara 19, ya ba da lissafi a gaban tsaransa ba ƙwandala da ta ɓata, ya koyi abin da zai amfane shi a gidan aurensa da shagonsa har tsufa.

Na uku, ya haɗa Littafi Mai Tsarki da ƙofar gida. A ce ƙungiya ta zauna a New Bell cikin watan Agusta. Matakin duba zai sa su ƙirga: gida nawa ne ruwa ya shiga a layinsu, yara nawa suka kwanta da gudawa, ina kwatar ta toshe, me ya toshe ta. Matakin auna zai kai su ga labarin Basamariye a Luka 10, su tambayi kansu ko su ma suna ratsewa ne su wuce. Matakin aikata zai sa su ɗauki shebur ranar Asabar, su kuma aiki mutum biyu wurin mai unguwa. Ko kuwa su duba su ga ɗan'uwansu ya yi wata takwas a gidan yari ba a kai shi kotu ba, su tuna da Matiyu 25, su raba kwanakin kai masa abinci, su nemi wanda ya san doka. Karatun da ya bi ta wannan hanya ba ya saurin fita daga kai.

Inda littafin ya gaza

Kome kyan ɗinki, in an yanka riga domin wani, sai an gyara kafin ta zauna wa wani. Gazawa ta fari ita ce, Cardijn ya yi tunaninsa ne a ƙasar masana'antu. Matashin da yake gani yana da ubangida guda, da albashi, da lokacin tashi, da ƙungiyar ƙwadago da za ta tsaya masa. Duwala tana da tashar jiragen ruwa da reluwe da kamfanoni, amma yawancin samarin New Bell ba a can suke ci ba. Tun bayan yajin garuruwa na 1991, da rage albashi na 1993, da karya darajar sefa da rabi a watan Janairu 1994, dubban matasa suka koma acaɓa, wadda a can ake kira bensikin, da talla a bakin Kasuwar Kongo da Babbar Kasuwa, da dako. Ɗan acaɓa ba shi da ubangidan da zai kai wa kuka sai mai babur da yake jiran kuɗinsa kowace yamma. In ya zauna taron awa biyu, abincin daren nan ne ya ragu. Littafin bai san wannan matashi ba. Ƙungiyar da ta kwafe shi yadda yake za ta cika da 'yan makaranta da masu aikin ofis, waɗanda suka fi bukata kuwa suna kan titi.

Gazawa ta biyu ta fi nauyi. Ginshiƙin koyarwar shi ne cewa kowa zai kai bishara ga irinsa, lebura ga lebura, ɗalibi ga ɗalibi. A Beljiyam ta wancan zamani, inda kusan kowa an yi masa baftisma a ikilisiya guda, "irinsa" yana nufin abokin sana'a. A unguwar da kowane sashe yake ɗauke da sunan ƙabila, kunne yakan ji kalmar dabam. Nan da nan sai zumunta ta zama taron 'yan gari ɗaya, da harshe ɗaya, da anko ɗaya, baƙon da ya leƙo ya ji ana dariya da yaren da bai sani ba, ya juya. Irin wannan ƙungiya ma tana samun masu yi mata godiya, har da hawaye, amma godiyar ta 'yan gida ce. Ikilisiyar farko ta gamu da wannan cuta sa'ad da masu jin Helenanci suka yi gunaguni cewa ana ƙyale gwaurayensu wajen rabon abinci (Ayyukan Manzanni 6). Manzanni ba su raba ikilisiya biyu ba, suka sa aka zaɓi mutum bakwai, dukansu kuwa masu sunayen Helenawa ne. Maganin ke nan har yau: a kafa ƙananan ƙungiyoyi bisa ga layi ko sana'a, a kuma danƙa wa baƙo wani aiki.

Daga nan tambayar maƙwabci Musulmi take tasowa, wadda hanyar da aka haifa a Laeken ba a shirya ta dominta ba. A sashen Hausawa na New Bell, in matasa Kirista suka duba da gaskiya, yawancin fuskokin da za su gani na Musulmi ne: mahauci, da tela, da mai shayi, da mai gidan haya. Ruwan da ya shiga ɗakin mai bi shi ne ya shiga zauren liman. In matakin aikata ya tsaya a kan 'yan ikilisiya kaɗai, an yi duban da ido ɗaya ke nan. A nan ne Kirista mai jin Hausa yake da baiwar da sauran 'yan ƙungiya ba su da ita. Ya san gaisuwa, ya san yadda ake shiga zaure, ya san abin da ba a faɗa a gaban dattijo, ya san kada a sa aikin gayya a lokacin sallar Juma'a. Abin da ya mai da shi baƙo sau biyu shi ne zai mai da shi ɗan aike tsakanin gida biyu. Ƙungiyar da ba ta gane wannan ba ta yi asarar ɗanta.

Gazawa ta uku, littafin ya cika nauyi. Mai karanta shi zai ji muryar mai jawabi, yana maimaita magana guda ta fuska da yawa, har wani babi ya yi kama da na bayansa. Bai kuma ba waƙa da kiɗa da wasa matsayin da suke da shi a wurin matasan Afirka ba. Wanda ya taɓa ganin yadda ganga take tara samari, ko yadda faretin Boys' Brigade, wadda William Smith ya kafa a Glasgow a 1883, yake sa yaro ya miƙe kafaɗa, ko yadda waƙoƙin Sabon Rai Don Kowa suka ratsa ƙauyukan arewacin Nijeriya tun daga shekarun 1960, ya san farin ciki ma makaranta ce. Taron da ba kome a ciki sai bincike da rahoto, yaran New Bell za su zo sau biyu su daina.

Akwai kuma haɗarin da tarihi ya nuna. In aka riƙe duba da aikata, aka saki auna, ƙungiya takan zama reshen siyasa mai buɗe taro da addu'a. Gardama a kan inda ƙungiyar ta dosa ta raba JOC ta duniya gida biyu a 1986. A birnin da tarzomar watan Fabrairu 2008 ta tashi saboda tsadar mai da abinci, inda gwamnati da kanta ta ce mutum 40 suka mutu a ƙasar, ba wasa ba ne a koya wa matasa su buɗe ido su ga zalunci, sa'an nan a bar su ba Maganar da za ta bi da fushinsu. Laifin ba na Cardijn ba ne, gama shi bai taɓa raba matakan uku ba. Amma duk mai ɗaukar hanyarsa ya sani matakin tsakiya shi ne linzami.

Hukunci

Littafin tsoho ne, an rubuta shi domin wata ƙasa, yana da maimaici, akwai kuma matasan da bai hango ba. Duk da haka ya cancanci a karanta shi, musamman shugabannin matasa da katikis da fastoci, ko 'yan Katolika ne, ko na ECWA, ko na ikilisiyoyin TEKAN, ko na ikilisiyoyin bishara na Kamaru. Ribarsa ita ce ya ba da ma'aunin da za a gwada godiya da shi. Sa'ad da matashi ya miƙe ya ce ya gode wa zumunta, dattawa su saurara da kyau. In ya ce ta san sunansa lokacin da ba wanda ya san shi, an yi rabin aiki. In ya iya ƙarawa da cewa ta buɗe masa ido ya ga wani da dā yake wucewa bai gani ba, ɗan wata ƙabila ko ɗan wani addini, ta kuma sa ya yi masa wani abu saboda Almasihu, to, aikin ya cika.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Matasan New Bell sun san wannan tun kafin su ji sunan Cardijn, shi ya sa suke neman juna. Abin da ya rage ga ikilisiya shi ne ta sa taro a lokacin da ɗan acaɓa zai iya zuwa, ta bar ganga ta yi kuka, ta buɗe Littafi a tsakiyar kowace shawara, ta kuma tabbata ƙofar zumunta tana duban layi. Ubangiji ya ba shugabannin matasa hikimar yin haka. Amin.